Zakaran da Na Yanka a Kan Katako

Ni na ɓata katakon zakara. Da wuƙata na yi, da rana tsaka, ba wanda ya riƙe mini hannu, kuma da mai katakon ta tambaye ni na yi mata ƙarya. Na fara da wannan ne saboda ku 'yan makarantar College Park da kuke zuwa shagona ranar Asabar, kowannenku sai ya ƙirga katakan da ke jere a kan kanta, ya ga goma sha ɗaya, ya tambaye ni ina na sha biyun. Na sha ce muku ya yi tafiya. Tafiyar ya yi, amma wannan ba amsa ba ce.

Kuna kuma cewa aikin nan hatimi ne babba kawai, a shafa tawada a danna. Ni ne mutumin da ya dace ya gyara muku wannan magana, domin hatimin na sassaƙa shekaru a Kano, a gindin wata bishiya kusa da kotu, da reza da guntun roba. Firamare kaɗai na gama. Abin da na iya shi ne rubutu a juye, yadda idan an danna zai fito daidai, da kuma layi mai tsabta wanda ba ya rawa.

Cacar biza ce ta kawo ni nan Amurka a 2002. Na sauka a Springfield, a ɗakin ƙasa na gidan Injiniya Bala, wanda unguwarmu ɗaya a gida, na kama aikin kwasar kaya da wani kamfani. Wata rana aka tura mu gidan wata tsohuwa 'yar Japan mu ɗaga mata kabad a garejin bayan gida. Garejin babu mota a ciki. Tebur ne dogo, da igiyoyi an shanya takardu, da wani katako an sassaƙa mujiya a jikinsa. Na tsaya ina kallo har abokin aikina ya yi mini tsawa. Na gaya wa tsohuwar da ɗan Turancin da nake da shi cewa ni ma na taɓa yin irin wannan. Sunanta Sumiko. Malama na riƙa ce mata, ta tambayi ma'anarsa sau ɗaya, ta karɓa.

Ta ba ni guntun katako da wuƙa ta ce in yi kifi. Na yi mata kifi irin na mai hatimi, kowane ɓawo a wurinsa, na share kewayensa sumul. Ta buga shi a takarda, ta ɗaga ta duba, ta ce, "Kifin nan ya mutu. Ka dawo gobe."

Sai daga baya na gane abin da take nufi. A ƙasarsu akwai bugun katako na birni, mai layi siriri kamar gashi da launi kala-kala. Nata ba shi ba ne. Nata na mutanen karkara ne, baƙin layi mai kauri, launi ɗaya ko biyu, kyanwa ta zauna kamar buhun shinkafa, mujiya idonta ya fi kanta girma, biri yana hararar mai kallo. Sawun ƙarfe a kewayen dabbar ba a share shi, a bar shi ya ɗauki tawada ya fito a takarda, don a san hannun mutum ya bi wurin. Ni kuwa shekarun da na yi a bakin kotu duk na yi su ne ina koyon ɓoye sawun hannuna.

Watannin farko ban sake taɓa katako ba. Na wasa wuƙaƙe a kan dutse da ruwa har yatsuna suka yi kanta. Akwai wuƙa mai baki a karkace ta yanka layi, akwai ƙarfe mai baki kamar cokali na kwashe tsakani, akwai mai faɗi da ake bugawa da guduma ta itace. Na dama kokon shinkafa da ake haɗawa da tawada, idan ya yi gudaji ta zubar, in sake. Na wanke buroshin gashin doki. Na jiƙa takarda da yamma, a jera ta tsakanin jaridu masu laima ta kwana, ta wayi gari da sanyi kamar kumatun yaro, ba jiƙe ba, ba bushe ba. Babu inji a aikin nan. Ana ɗora takarda a kan katako, a murza bayanta da wani ɗan faifai da aka naɗe da ganyen gora, sunansa baren. Ƙarfin daga kafaɗa yake zuwa. Ɗaya daga cikinku ya gwada a makon jiya, ya buga guda biyar ya ce yana da aikin makaranta.

Akwai abu biyu da ta koya mini tun a makon farko. Na ɗaya, abin da ka yanke daga katako shi ne fari a takarda, kuma ba ya komawa. Na biyu, ta ɗauki wani ragowar katako ta buga masa ƙarfe ya dare, ta nuna mini yadda tsagar ta bi jijiyar itacen daga sama har ƙasa. Ta ce katako ko zafi ne ya fasa shi ko sanyi, jijiyarsa yake bi, ba ya ƙetare ta. Na ce na gane. Ku riƙe wannan.

Abin da ke ciyar da garejin shi ne katin sabuwar shekara. A al'adarsu shekaru suna da dabbobi goma sha biyu da suke zagayowa, kowace shekara da tata, kuma mutum yana aika wa 'yan uwa da abokai kati mai hoton dabbar shekarar. Masu sayen namu iyalan Japan ne na yankin nan, da Amurkawan da suka yi aikin soja ko na gwamnati a can suka dawo da al'adar, yawancinsu a manyan ofisoshin unguwar Southwest. Daga Oktoba zuwa Disamba babu hutu. Katakan dabbobin goma sha biyu mijinta ne ya sassaƙa su a itacen ceri, kuma ya rasu kafin in zo. Kowanne yana naɗe a cikin shuɗin ƙyalle. Wanda aka buga bana, sai bayan shekara goma sha biyu zai sake ganin tawada.

A ƙarshen 2004 ta ce hannuna ya isa in buga kati ni kaɗai. Shekara mai zuwa ta zakara ce. Ta kwance ƙyallen ta ajiye mini shi. Zakara ne mai ƙiba, ya miƙa wuya sama zai yi cara, ƙafa ɗaya a ɗage, wuyan baƙi ƙirin babu ado ko ɗaya.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya, bayan an sauko daga masallaci, muna cin shinkafa a gidan Injiniya Bala, na ɗauko katin gwaji na nuna don a yaba mini. Injiniya ya riƙe shi da yatsu biyu. Ya ce, "Malam Sabi'u, daga hatimin kotu ka koma yin gumaka ke nan?" Aka yi dariya. Wani likita da ke wurin ya ce ai takarda ce, ba gunki ba, Injiniya ya ce shi dai abin da ya sani surar abu mai rai ba wasa ba ce. Sai ya ƙara da cewa ya ji an ce idan aka ja layi a wuya, aka raba kai da gangar jiki, to ta tashi daga sura. Ya ce a makarantarsu ta kwana haka suke yi wa zanen ɗan Adam a littafin kimiyya.

Ni ba malami ba ne, kuma har yau ban ce Injiniya ya yi daidai ko ya yi kuskure ba. Akwai limami a masallacin da muka fito, ban tambaye shi ba. Akwai mai katakon, ita ma ban tambaye ta ba, don na ga Turancina ba zai ɗauki bayanin ba, kuma na ji tsoron ta ce in ba zan iya ba in koma ɗaukar kabad.

Ranar Litinin ta tafi ganin likitan ido. Na ɗauki wuƙa mai karkataccen baki, na wasa ta, na ja layi biyu a wuyan zakaran, daidai inda mahauci zai sa tasa, na cire ɗan siririn itacen da ke tsakani. Aiki ne mai kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Layi ne na mai hatimi, miƙaƙƙe, babu rawa. Na hure ƙurar, na shafa tawada, na ci gaba da bugu. Kafin ta dawo igiya ta cika da zakaru, kowanne da farin zare a maƙogwaro.

Ta shigo ta cire takalmi, ta tsaya a gaban igiyar. Ta bi zakarun da ido ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta je ta ɗauki katakon ta kai shi bakin taga, ta bi layin da farcenta. Ta tambaye ni me ya faru. A kusa da teburin akwai wata hita ta lantarki da ta saya saboda ni, don ta ga yadda nake rawar ɗari. Na nuna hitar. Na ce zafinta ne ya busar da katakon ya tsage.

Jijiyar katakon nan daga sama zuwa ƙasa take. Layina a kwance yake.

Ta dubi hitar, ta dube ni. Ta ce, "To." Ta sunkuya ta zare wayar daga bango, ta naɗe ta, ta ce in kai hitar ɗakin ajiya, tunda tana fasa katako ba za ta ƙara zama a garejin ba.

Ba ta ƙara zama ba kuwa. Ku da aka haifa a nan ba ku san abin da Disambar Virginia take yi wa mutumin Kano a cikin gareji ba. Ruwan da nake jiƙa buroshi yakan yi ɓawon ƙanƙara a sama. Ba a bugu da safar hannu, don yatsu ne ke jin takarda. Malama takan sa riguna masu auduga ɗaya kan ɗaya, ta zauna tana aikinta, lokaci-lokaci ta ce sanyi yana da kyau ga takarda. Matata Hajara, da ta iso daga gida daga baya, ta ga hannuwana sun tsattsage ta ce wace irin mata ce wannan da ba za ta iya sayen hita ba. Na ce al'adarsu ce.

Katin zakaran ya sayu. Wata mata daga ofisoshin Southwest ta ce abin wuyan ya yi masa kyau, ta ƙara oda. Amma wani dattijo ɗan ƙasarsu, wanda yake tara katin kowace shekara, ya zo da tsohon katin zakaran da mijinta ya buga da hannunsa, ya ajiye shi kusa da sabon a kan tebur. Ina tsaye ina wanke buroshi. Suka yi magana da yarensu, ban ji komai ba, sai dai na ga ya nuna wuyan. Da ya tafi na kasa haƙuri na tambaye ta me ta ce masa. Ta ce ta gaya masa bana haka ya zo.

Daga shekarar nan katakon mijinta bai sake kwana a garejin ba. Ita take kawo shi da safe a ƙyallensa, ta zauna a wurin har in gama, ta wanke shi da kanta, ta koma da shi cikin gida. Idan za ta asibiti, da shi take fara shiga gida. Na ɗauka wannan ma al'ada ce. Shekarar da ta biyo baya ta kare ce, wadda ta bi ta kuma ta aladen daji. Injiniya ya ce, "Malam Sabi'u, bara kare, bana alade, baɗi kuma sai me?" Na ce ɓera. Ya ce to an fara samun sauƙi.

Shekarar wahala ita ce ƙarshen 2008, lokacin da muke shirin buga katin shekarar bijimin sa. Mutane suna rasa aiki, ana ƙwace gidaje har a layinmu. Masu odar kati da yawa suka kira suka ce bana ta kwamfuta za su yi gaisuwa. Mun riga mun jiƙa takarda, kuma takardar da aka jiƙa ba ta jira, in ta wuce kwanakinta sai ta yi fumfuna. Muka buga shanun da babu mai saye, muka kai su kasuwar ƙarshen mako muka tsaya a cikin iska, mutane suna ɗagawa suna cewa ya yi kyau suna ajiyewa. Na koma kwasar kaya da safe, in zo gareji da yamma. Wata mata mai kyanwa huɗu ce ta riƙe mu a bazarar nan, ta sa aka yi wa kowace hotonta, ta dawo da ɗaya ta ce ba ta yi kama da mai tunani ba. Malama ta ƙara wa kyanwar gira, matar ta biya.

A shekarar nan in da ta sallame ni babu wanda zai ga laifinta, kuma ba sai ta ambaci zakara ba. Maimakon haka ta ce tunda babu aiki, in sassaƙa dabbobin ƙasarmu. Na yi zabo, na yi raƙumi, na yi akuya ta ɗora ƙafa a kan katanga tana cin abin da ba nata ba. A lokacin hannuna ya fara sakewa, na daina share sawun ƙarfe. Kafin in taɓa zabon na tattara Turancina na yi mata bayanin da ya kamata in yi tun farko, cewa a wurin wasu mutanenmu surar abu mai rai tana da nauyi, kuma ina so in bar layi a wuyan nawa. Bayanin bai kai tsawon shan kofin shayi ba. Ta ce, "Katakonka ne." Da na buga zabon ta ɗaga shi ta dubi farin zaren da ke wuyansa, miƙaƙƙe, babu rawa. Ta dube ni. Ta ce ƙafafun sun yi kyau.

Zabin nan da raƙuman su ne suka buɗe mini shagon da kuke zuwa yanzu. Mutanenmu na Springfield suka fara saye suna ratayewa a falo, 'yan Jos da 'yan Nijar da kowa. Injiniya ma ya sayi raƙumi, bayan ya duba wuyan.

Ban san ranar da na gane ta sani ba, domin ba rana ɗaya ba ce. Duk sanda katako ya tsage a hannuna, kuma sun tsage da yawa, sai in ga tsagar ta bi jijiya, a karkace, da gashi-gashi a bakinta. Ban taɓa ganin wadda ta fito a kwance da baki mai tsabta ba. Mutumin da ya yi wata ɗaya a aikin nan ba zai yarda da maganar hita ba, balle matar da ta tsufa a ciki. Amma ƙarya idan ta daɗe sai ta zama kamar kayan ɗaki, kowa ya san inda take yana kewaye ta. Kowane Oktoba nakan ce bana zan faɗa, sai aiki ya taso, in sa rigar sanyi ta biyu.

A ƙarshen 2016 zakara ya zagayo. Idonta ya yi rauni ƙwarai, 'yarta kuma ta matsa mata ta koma wurinta a wata jiha. Ta shigo garejin da safe da ƙyalle a hannu, ta ce in bi ta cikin gida in ɗauko sauran. Na jera su goma sha biyu a kan dogon teburin. Ta ce wannan ne bugunta na ƙarshe, kuma idan an gama ni zan riƙe katakan, domin 'yarta ba ta san abin da za ta yi da su ba, ita kuma ba ta so su ƙare a bango ba tawada. Ta kwance ƙyallen zakaran ta tura mini shi. Layin yana nan, ya yi baƙi da tsohuwar tawada.

Da na yi shiru na karɓa, da yau goma sha biyu kuke ƙirgawa. Na san haka a lokacin, kuma na san tana iya naɗe su duka ta koma da su. Abin da ta yi bayan na gama magana kun riga kun gan shi a kan kanta. Ta bar mini goma sha ɗaya, ta tafi da zakaran, ta ce idan shekararsa ta sake zagayowa in sassaƙa nawa, in sa masa layin da nake so. Na ce ana iya toshe wurin da ɗan guntun ceri, ta ce ta sani, amma hannu biyu sun isa a katako ɗaya. Sannan ta ce in je ɗakin ajiya in ɗauko hitar, ita ma ta gaji da sanyi.

Maganar da na yi kuwa, na tashi tsaye ne na cire hulata, abin da ban taɓa yi a gabanta ba, na faɗa da irin Turancina:

"Malama, kada ki ba ni tukuna. Hita ba ta fasa katakon nan ba. Ni na yanka shi da wuƙa, ranar da kika je asibitin ido. Ina da dalilina, amma katakon ba nawa ba ne, na mijinki ne, kuma ba zai dawo ya sassaƙa wani ba. Ban tambaye ki ba, da kika tambaye ni kuma na yi miki ƙarya, na bar ki da ita duk shekarun nan kina zaune a cikin sanyi. Ba zan iya mayar da abin da na cire ba. Ki yafe mini."